Kamera Mai Ƙafa Ɗaya a Gidan Surukai

A Sabon Gari ta Maraɗi, daura da masu gyaran moto, akwai wani shago da faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, amma allon da ke samansa ya fi ƙofar girma. Nan Abdurrazak yake wuni. Aikinsa ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na 'yan lakkwal, wato 'yan makaranta, sai dai in ka kira shi mai hoto ba zai waiwayo ba. Shi mai shirya fim ne, ko da yake har yau ba a samu wanda ya ga fim ɗin ba. Yana da wata riga mai aljihu goma sha huɗu da ba ya rabuwa da ita ko ana zafin bazara, kuma duk aljihun babu komai a ciki sai guda ɗaya da yake zuba gyaɗa.

Matarsa Raihanatu 'yar Jiratawa ce, ɗiyar Malam Issa mai garkar zogale. Shekararsu huɗu da aure, kuma shekara huɗu ke nan tana kare shi a gidansu, domin duk lokacin da aka tambaye ta sana'ar mijinta sai ta yi dogon bayani.

Ana nan sai matar wanta Sadiku ta haifi ɗa namiji, na fari. Shi kuwa Sadiku yana can Jado wajen haƙar zinariya, inda babu rezon waya ko na rantsuwa, sai wata wayar tauraro da ake haya ana magana a gurguje. Ta wannan wayar ya ce ba zai samu zuwa suna ba. Ya bar wa mahaifinsa zaɓin sunan, ya kuma roƙi abu ɗaya tak: a ɗauki bikin a kamera, a ba da katin kamerar ga wani abokinsa direban kamyo, wato babbar motar kaya, wanda zai tashi daga Maraɗi ranar sunan da azahar. So yake ya ga fuskar ɗansa, ya kuma ji da kunnensa yadda aka raɗa masa suna.

Malam Issa ya yi niyyar kiran Maman Lawali, wanda shekara ashirin yana ɗaukar bukukuwa a yankin. Raihanatu ta durƙusa gaban mahaifinta ta yi ta roƙo har ya ce to, a ba mijinta. Da ta dawo gida ta gaya masa, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Don Allah, Abdurrazak, ka rufa mani asiri. Yaya Sadiku kuka ya yi a waya. Ka kafa abin nan naka mai ƙahwa ukku, ka nuna yaron, shi ke nan."

"Mai ƙahwa ukku?" Ya yi dariya har da buga cinya. "Wa ka aiki da wannan yanzu? Wannan ai na masu hoton kati ne."

Washegari ya saɓi ƙafa-ukun nasa ya nufi shagon Maman Lawali a unguwar Zariya. Ya daɗe da sa ido a kan wata sanda baƙa ta ɗora kamera, mai ƙafa ɗaya, wadda ta fito daga cikin kayan gwanjo take jingine a lungu tana shan ƙura. Ya ce a yi musaya. Maman Lawali ya dubi ƙafa-ukun, lafiyayye ba inda ya karye, ya dubi mai shi.

"Razaki, wagga sanda ba ta tsayuwa da kanta hwa."

"Shi ya sa ba a yi ta don irinku ba. Ita ƙahwa guda, ni ƙahwa biyu. Nawa ke nan?"

"Ukku."

"To ka gani. Ƙahwa-ukku mai tahiya, mai hankali."

"Mai tahiya dai na yarda," in ji Maman Lawali, ya yi maza ya tura ƙafa-ukun ƙarƙashin tebur kafin mutumin ya sake shawara.

Don kada a ce bai gwada ba, Abdurrazak ya hau kabu-kabu zuwa Tibiri ranar kasuwa. Ya ƙi naɗe sandar a hanya, wai mutane su gani, har ta zaro wa wani mai rake hula a bakin gudron, wato titin kwalta. A kasuwar kuwa abin ya yi kyau ƙwarai. Ya dasa sandar, ya buɗe ƙafafunsa, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, hoto ya tsaya cak. Ya bi wani jaki daga masu gero har masu tukwane, hoton bai girgiza ba. Ya dawo yana nuna wa duk wanda ya tsaya, har masu gyaran moto suka haddace jakin. Abin da bai lura da shi ba shi ne, a duk faɗin kasuwar nan bai haɗu da mutum ɗaya da yake jin kunyarsa ba.

Ranar suna tun da hantsi bai yi ba ya sauka Jiratawa. An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, maza sun fara cika. Ya tsaya tsakiyar fili, ya zare sandar ɗaya bayan ɗaya tana ƙara, sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a, ina roƙon arziki. Kowa ya maida wayarshi aljihu. Aikin yau na gwanaye ne, in aka ɗaɗɗaga wayoyi za a ɓata mani shi. Wanda ka son gani, ya zo bayan la'asar ya gani a tele."

Samari suka yi gunaguni. Malam Issa, wanda dama ba ya son a yi ta haska dattawa da waya, ya ce a bi maganarsa. Haka aka mayar da wayoyi kusan talatin aljihu, ya zama a duk taron ido ɗaya ne ke ɗauka, na Abdurrazak.

Ya danna maɓalli, jan haske ya kama. Daidai nan Malam Issa ya tako zai wuce ta gabansa.

To, kowa ya san abin da suruki yake yi in ya ga uban matarsa. Abdurrazak, duk cika-bakinsa, ɗan gidan mutunci ne. Kafin ya yi tunani takalmansa sun fita, gwiwoyinsa sun lanƙwashe, ya kai ƙasa. Sandar da ya rungume ta sunkuya tare da shi, bakin kamera ya dubi turɓaya.

"Baba, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, Baba. An samu ƙaruwa, Allah shi raya."

"Amin. Tashi ka yi aikinka."

Ya tashi, ya gyara tsayuwa, ya saita liman. Sai ga ƙanen Malam Issa. Ya koma ƙasa. Ya miƙe, sai ga mijin gwaggon Raihanatu. Ya koma. Ashe a Jiratawa duk wanda ya haura arba'in surukinsa ne ta wata fuska, kuma babu wanda ya zo a ayari, ɗaiɗai suke zuwa kamar sun haɗa baki. Wani tsoho ma ba dangin kowa ba ne, ya zo neman akuyarsa ce, shi ma sai da ya samu cikakkiyar gaisuwa.

Maman Lawali, wanda aka gayyata a matsayin baƙo, yana zaune gefe yana ɓare dabino.

"Razaki, ƙahwahunka biyun nan hwa suna yawan naɗewa."

"Kai dai ci dabinonka. Wannan ɗauka daga ƙasa ake ce mata. Ba ku kai nan ba a karatu."

Aka zo rabon goro. Dattijo ne ya miƙo masa, ba kuwa a karɓar abin hannun dattijo da hannu ɗaya, sai ya matse sandar a hammata ya tara biyu. Liman ya ce a yi fatiha, ya sake matse ta, ya ɗaga tafuka, ya shafa. Aka jawo rago bayan rumfa. Nan kam ya samu tsayuwa mai kyau, har ya fara murmushi, sai Malam Issa ya waiwayo ya ga mutum ɗaya ne tsaye ba ya komai.

"Abdurrazak, kama muna ƙahwahun baya."

Wa zai ce wa surukinsa yana kan aiki? Ya tsuguna ya kama, sanda a hammata, rago na shure-shure, rigar aljihu goma sha huɗu ta sha jini da ƙasa, gyaɗa ta watse kaji suka yi biki.

Sannan lokacin da ake jira ya zo. Liman ya sunkuya ya faɗa wa sanƙira sunan a kunne. Sanƙira ya miƙe, ya gyara murya, ya ja numfashi. Abdurrazak ya dasa sandar, ya buɗe ƙafafu irin na ranar jaki, ya ce a ransa yanzu za a ga aiki. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Kawu Gado ne, babban wan uwar Raihanatu, ya iso a makare daga Tibiri. Shi ne mafi tsufa a dangin, ba ya ji sosai, kuma in ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi lafiyar kowa har ta dabbobi.

Abdurrazak ya zube.

"Kawu, sannu da zuwa!"

"Iye?"

"Na ce SANNU DA ZUWA, KAWU!"

"Yauwa. Kai ɗan wane ne?"

"MIJIN RAIHANATU NE!"

"Wace Raihanatun?"

Bakin Abdurrazak na dab da abin ɗaukar sauti, yana kwarara amsa iya ƙarfinsa. Can sama da kansa sanƙira ya faɗi sunan sau uku, jama'a suka ce Allah ya raya, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Lokacin da Kawu Gado ya sake shi, an riga an fara naɗe tabarmi.

"Ka samu sunan?" Maman Lawali ya tambaya.

"Wagga kamera ko tarin sauro tana ɗauka."

Saura babban aiki, fuskar jariri. Raihanatu ta leƙo ta yafuto shi zuwa cikin gida, inda wanzami ke yi wa yaron aski. Ya shiga da sallama yana taku irin na manya. Yana ɗaga labulen tsakar gida ya ga wadda ta riƙe jaririn a cinya. Inna Tsahara ce, uwar matarsa. Shekara huɗu bai taɓa duban fuskarta ba, ko a hanya ya hango ta sai ya sake lungu. Tun daga bakin ƙofa ya durƙusa, ya ƙarasa a tsugune yana jan sandar, idonsa a kan gefen tabarma.

"Inna, ina kwana. Barka da arziki."

"Lahiya lau," ta amsa a takaice, ita ma ta kawar da kai.

Raihanatu ta matso tana raɗa masa. "Ɗaga kanka ka dubi abin da kake ɗauka."

"Gaban Inna? Kina da hankali?"

"To ba ni in riƙe."

"Ke kin san maɓallanta? Bari, tana da nata ido. Hannuna ya san inda huskar yaron take."

Ya yi minti goma cur a haka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana murza maɓallin zuƙo hoto da yatsa ba tare da ya kalli allon kamerar ba. Mata suka yi ta yaba kunyarsa. Wata tsohuwa ta ce rabon da ta ga suruki irin wannan tun tana budurwa, shi kuwa ya ji daɗi har ya ƙara sunkuyawa.

Da ya fito ya ga rana ta take, sai gaggawa. Ya juye aikin a ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ya zare katin, ya tare kabu-kabu. Raihanatu ta biyo shi har bakin hanya.

"Ka duba ko kaɗan kahin ka ba direban."

"Mai shakkar aikinshi ka dubawa. Ni na san abin da na ɗauka."

Ya iske kamyon ya riga ya tada inji. Ya miƙa katin a naɗe cikin takarda, ya ce wa direban ya gaya wa Sadiku ya tanadi hankici, don abin da zai gani sai ya yi hawaye. Daga nan ya ari babbar tele wajen wani maƙwabci, ya ɗauro ta a bayan moto ya koma Jiratawa.

Bayan la'asar rumfa ta cika fiye da safe. Maza a gaba, mata sun yi cincirindo a bakin zaure, Inna Tsahara a tsakiyarsu. Aka jona tele da batirin sola. Abdurrazak ya tsaya ya yi jawabi a kan bambancin mai hoto da mai shirya fim, ya ɗan harari Maman Lawali, sannan ya danna.

Rumfa ta bayyana, tsaf, kyakkyawa, na daƙiƙa huɗu. Sai hoton ya sulale ƙasa ya tsaya a kan wasu takalman fata masu ɗinki a gefe. Muryar Abdurrazak ta cika wurin: "Baba, an tashi lahiya?"

"Takalman Malam ne!" wani ya ce.

Hoton ya taso, ya nuna rabin rawanin liman, ya sake nutsewa. Silifa shuɗi. Ya taso, ya nutse. Ƙafa mai kaushi da babban yatsa a naɗe da tsumma.

"Wallahi Tanimu ne, ga inda kwashe ta sare shi wajen noma!"

Nan take abin ya koma gasa. Kowace ƙafa ta fito sai a yi ta ihun sunan mai ita. Wanda aka gane shi ya yi ta murna, wanda aka nuna faso a dugadugansa ya ja riga ya rufe. Aka gano mutum biyu da suka zo da takalmi wari-wari. Aka ga kofaton rago huɗu suna harbin iska, da kaji a kan gyaɗa. Hoton kuwa, a faɗi gaskiya, bai girgiza ba ko kaɗan. Kowane yatsa ya fito tar.

"Ku yi haƙuri, shimfiɗa ce wannan," in ji Abdurrazak, murya ta fara siririya. "Haka manyan finafinai ka farawa."

"To yaushe za a kai ga kawunan?" Maman Lawali ya tambaya.

Aka zo wurin raɗin suna. Kowa ya yi tsit. A tele ga wasu tsofaffin takalma masu igiya, ga murya kamar ana kiran wanda ke ƙetaren gulbi: "MIJIN RAIHANATU NE!" Can ƙarƙashinta ana jin sanƙira yana faɗin wani abu da ko shi kansa bai gane ba. Sai guɗa. Kawu Gado ya matsa dab da tele, ya ƙura ido, ya washe baki.

"Kai, yaron ga gwani ne. Ga takalmana kamar in sa hannu in ɗauka."

Dariya ta ɓarke har wasu na kwanciya a kan tabarma. Amma Raihanatu ba ta yi ba. Ta ƙura wa tele ido tana jiran cikin gida, tana addu'a a zuci. Cikin gidan ya zo: gefen tabarma, zabirar wanzami, ƙafafu masu lalle, sannan aka zuƙo a hankali, da gwaninta, har idon sawun Inna Tsahara ya cika tele ɗin gaba ɗaya. Minti goma. Ana jin kukan jaririn a sama, kusa ƙwarai, amma ko zanen goyonsa bai leƙo ba.

Dariyar ta mutu da kanta. Daga bakin zaure Inna Tsahara, wadda ba ta taɓa yi masa magana gaban mutane ba in ban da amsa gaisuwa, ta ce, "Ina jikan nawa?"

Abdurrazak ya laluba aljihu uku bai samu abin da yake nema ba.

Malam Issa bai ɗaga murya ba. "Wanga shi ne aka aika ma Sadiku?"

"Shi ne, Baba."

"Akwai wanda ya ɗauka da waya?"

Samari talatin suka dubi Abdurrazak a tare. Aka kira direban, wayarsa ba ta shiga, ya riga ya yi nisa. Raihanatu ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida. Wannan karon ba ta yi wa kowa bayani ba.

Kwana goma sha biyu Abdurrazak bai taka Jiratawa ba, sai da Malam Issa ya aiko cewa Sadiku zai kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ya ce lallai mai ɗaukar ya kasance a wurin. Ya zo ba riga mai aljihu, ba sanda, ya raɓe a bakin zaure. Dangi sun taru, mai jego na bayan ƙofa da jaririn. Waya ta yi ƙara, Malam Issa ya buɗe sauti kowa ya ji. Muryar ta zo daga nesa, iska na kaɗa ta.

"Baba, lokacin kaɗan ne. Mi aka sa ma yaron?"

"Muhammad Auwal."

Aka ji yana maimaita sunan a hankali, sau biyu.

"Allah shi raya. Baba, saƙo ya iso. Mun kalla sau shidda, mu goma sha ɗaya a bukka. Na gane kowa. Na ga har yanzu ba ka sake takalmi ba. Ƙahwar Inna ta kumbura, don Allah a kai ta likita. Abdurrazak na nan?"

Aka tura masa wayar. Ya karɓa da hannu biyu. "Ina nan, Yaya."

"Sannu da ƙoƙari. Na ga ƙahwar kowa a gidanmu, har ta rago." Muryar ta ɗan karye, ya gyara ta. "Direban zai sake tasowa ƙarshen wata. In za ka sake ɗauka, abu guda nika roƙo. Ka sa a ajiye mani yaron a ƙasa, ko ƙahwarshi in gani."